Raka'a Huɗu a Beris Lama

Razali ya kashe inji, ya ja birkin hannu, ya ce alhamdulillahi, amma jikin matarsa Salbiah bai yarda cewa motar ta tsaya ba. Haka yake mata kullum. Sai ta jima a zaune ƙugunta na rawa, sai ka ce har yanzu suna kan kwalta. Ta dubi teku ta gilashin gaba. Wanda ta gani a Mersing shi ta gani a Rompin, shi ya biyo su Kemaman da Dungun, ga shi kuma ya riga su isowa wannan ɗan ƙauye na Beris Lama.

"Biah, dubi ruwa," in ji Razali. "Wannan ai ya fi na jiya kyau."

"Ya fi, Abang," ta ce, don haka take kiransa, wato Yaya.

"Ko ɗaga kai ba ki yi ba."

"Na gan shi jiya."

Ya yi dariya, don shi mutum ne da ke ɗaukar gajiyar matarsa a matsayin barkwanci. Ya sauka ya miƙe ƙafa, ya zagaya ya buga tayoyin da takalmi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya fara jawo rumfar tamfol da ke naɗe a gefen motar.

Farar mota ce irin ta ɗaukar kaya, wadda Razali ya kai wa wani kafinta a Kajang bayan ya yi ritaya daga aikin awon filaye. Kafintan ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Ya sa benci biyu da ake haɗawa su zama gado, da tebur mai naɗewa, da murhun gas mai baki ɗaya, da ɗan firji wanda in an sa kifi sai a fitar da ruwa. Labulen tagogin Salbiah ce ta ɗinka da hannunta, a lokacin da take zaton yawon na wata ɗaya ne. Abin da kafintan bai faɗa musu ba shi ne, a cikin motar nan ba a taɓa abu sai an ɗaga wani. Tukunya tana ƙarƙashin katifa, shinkafa tana bayan tukunyar gas, hijabin salla yana ƙarƙashin jakar magani. In za a yi girki sai a naɗe gado, in za a kwanta sai a kwashe girki. Rufin kuma bai kai tsayin Salbiah ba, ita da ba doguwa ba, don haka ta fi rabin shekara tana soya albasa a sunkuye.

Ta haura sittin, gwiwarta ta hagu ba ta son matakala, mafitsararta kuma ba ta san cewa banɗaki yana gidan mai na gaba ba. Ta san banɗakin kowane masallaci daga Johor har Terengganu, ta san wanda ake kullewa bayan Isha da wanda famfonsa ke fesa wa mutum ruwa a fuska. Wannan ne ilimin da ta samu a tafiyar. Razali kuwa ya samu abokai a waya, masu irin motar, yana tura musu hoton kofin shayi a kan dutse da rana tana fitowa a bayansa, su kuma suna ta sa masa albarka, suna cewa haka ake tsufa, Allah ya ba su irin nasa.

Duk garin da suka sauka, Razali ba ya yarda su cika kwana huɗu. Da safiyar rana ta uku za a gan shi yana duba mai da ruwan inji. Dalilinsa kuma na malamai ne: matafiyi in ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri, kasaru ta faɗi a kansa, ya zama mazauni. Shi kuwa tun da suka baro Kajang Azahar raka'a biyu yake yi, La'asar biyu, ya haɗa su a lokaci ɗaya, Salbiah na bayansa. Yakan ce sadaka ce Allah ya yi wa matafiya, wa ya isa ya mayar wa Allah da kyautarsa. Ba ta taɓa musa masa ba, don maganar gaskiya ce. Sai dai ta san ba kasaru yake tsarewa ba.

Gidan Kajang nasu ne, su suka gina shi, ita ta dasa lemun tsamin da ke bakin ƙofa. Da matar ɗansu Azrul ta samu ciki na uku, gidan hayarsu ya yi musu kaɗan, sai Razali ya kira su ya ce su dawo gida, gida nasu ne, shi da uwarsu za su ɗan zaga su sha iska. Azrul ya sumbaci hannun ubansa har da ƙwalla, ya ce ɗakinsu na nan yana jiransu ko yaushe. Bayan wata guda suka dawo ba tare da sun yi waya ba, wai za su ba jikoki mamaki. Suka tarar an yi wa ɗakin nasu shuɗin fenti, an shigar da gadon jariri da na uwar surukar, wadda ta zo zaman jego. Nasu gadon an kwance shi an jingina a bayan kicin, kayansu kuma na cikin kwalaye da sunansu a rubuce tsaf. Ba wanda ya yi rashin kunya. Surukar ta rasa inda za ta sa kanta, Azrul ya ce zai shimfiɗa musu katifa a falo. Razali ya ce haba, ina dalili, ga gadonsu can a waje da suka saba da shi. Suka kwana a mota a ƙofar gidansu.

Washegari da Azahar Razali ya shimfiɗa darduma a gindin lemun tsamin, ya ja matarsa salla, ya sallame a raka'a ta biyu. A garinsu, a ƙofar gidan da ya gina. Salbiah ta sallame tare da shi. Kafin La'asar sun kama hanyar gabas, kuma daga ranar bai sake ambatar Kajang ba sai in wani ya tambaye shi daga ina.

A Beris Lama ba abin da ke akwai sai layin gidajen katako, da ƙaramin masallaci mai koren rufi, da kwale-kwale da aka fara jawowa tudu saboda damina ta ƙarato. Iskar ta riga ta sauya. Salbiah ta ɗauki jarka ta nufi gidan da ta ga hayaƙi na tashi, don neman ruwan girki. A nan ta tarar da wata mata mai ƙiba, ta naɗe hannun riga har gwiwar hannu, tana murza ƙullun kifi da garin sago mai kama da sitaci a kan faifan katako, tana jefa dogayen curin a tukunyar tafasasshen ruwa. Keropok take yi na sayarwa. Sunanta Kalsom, amma duk ƙauyen Kak Som suke ce mata, wato Yaya Som.

"Ke ce ta motar can?" in ji Kak Som, ba ta ma daina murzawa ba. "Ga famfo nan, ɗebi. Ku dai masu hali kuna da ban mamaki. Mu muna roƙon Allah ya ba mu gidan bulo, ku ya ba ku, kun kulle shi kun zo kuna kwana a cikin gwangwani."

"Sha'awar maigida ce, Kak."

"Maza kenan. Nawa da ya tsufa tsuntsaye ya koma kiwo, gara shi, tsuntsu ba ya shan mai. Zauna mana, kina tsaye a karkace kamar wadda ta ɗauko buhu."

Salbiah ta zauna. Ba ta san sanda ta wanke hannu ta jawo ƙullun ba. Na farkon da ta murza ya fito da ciki kamar macijin da ya haɗiyi ƙwai, Kak Som ta yi dariya har tana riƙe gefen tebur, ta ce wannan sai dai a ba Wahab, mijinta, shi ba ya duba abin da yake ci. Zuwa na biyar hannunta ya faɗa. Suka yi ta hira, ta ciwon gwiwa, ta tsadar kifi, ta 'ya'yan da suka tafi birni suka koma baƙi. Rabon Salbiah da hira da mace wadda za ta sake gani gobe har ta manta.

A bayan gidan akwai wani ɗan gida na katako a kan dogayen ƙafafu, ɗaki ɗaya da baranda da wurin girki. Na mahaifiyar Kak Som ne, ta rasu bara, tun daga nan ba kowa a ciki sai ƙadangaru. Kak Som ta aike ta can ta ɗauko mata wani babban faranti. Salbiah ta hau matakalar a hankali, ta tura ƙofa. Ba komai a ɗakin sai tabarma a naɗe da kabad da ƙusa a bango. Ta tsaya a tsakiya ta miƙe sosai, ta ɗaga hannuwanta sama, ba su taɓa komai ba. Ta warware tabarmar wai ta ga ko tana da kyau, ta ɗan kishingiɗa, ta miƙe ƙafafunta duka biyu har ƙarshe. Kak Som ce ta zo ta tashe ta bayan La'asar, ta ce ta zaci aljanun gidan ne suka riƙe mata faranti da baƙuwa.

"Ana ba da shi haya?" Salbiah ta tambaya, tana gyara ɗankwali, kunya ta ishe ta.

"Wa zai kama a nan? Da damina ko kare ba ya zuwa garin nan." Kak Som ta dube ta da kyau. "In mutum zai share shi ya kunna fitila, ni ya gama mini komai. Gida in ba numfashin mutum ruɓewa yake."

Salbiah ba ta gaya wa Razali ba. Ta kai masa keropok mai zafi da yaji, ya ci, ya ɗauki hotonsa, ya ce wannan ya fi na Kemaman. Kashegari ta koma wajen Kak Som tun da hantsi, ta wuni can. Shi kuma ya wuni da masunta yana ba su labarin garuruwan da ya gani, su da ba su tambaye shi ba.

Safiyar rana ta uku ta same shi ya buɗe gaban mota yana goge sandar awon mai da tsumma. Sama ta yi duhu ta wajen teku.

"Yau mu kwana Besut," ya ce. "Daga nan mu haye tsaunuka mu faɗa yamma kafin ruwan nan ya rufe hanya. Can ba a damina irin ta nan. Perlis, Kedah, Perak, duk bakin teku ne, Biah, ba mu taɓa ko ɗaya ba. Wani a cikin abokanmu ya ce akwai wurin da ake ajiye mota a Kuala Perlis, har da wutar lantarki."

"Da banɗaki?"

"Bai faɗa ba."

Ta ci gaba da wanke kofuna a cikin roba. Ta so ta yi magana a lokacin, ta buɗe baki ma, sai ta ga yadda yake naɗe rumfar yana 'yar waƙa, maganar ta koma ciki. Shekara kusan arba'in tana aurensa, ba ta iya ce masa a'a kai tsaye ba. Takan bi ta bayan gida ne, ta ce ko za a duba, ko a bari sai gobe, shi kuma ya yi kamar bai ji ba, a wuce wurin. Ta san in ta ce ko za su ƙara kwana biyu, zai ce to, a Besut.

Da rana ta karkata ya ce su yi salla su kama hanya. Ya shimfiɗa darduma biyu a inuwar itatuwan bakin rairayi, tasa a gaba, tata a baya. Ta sa farin hijabinta. Ya yi iƙama, ya kabbarta. A tsayuwar nan, kafin ta ɗaga hannu, Salbiah ta ji gajiyar wata da watanni ta taru ta zauna mata a kafaɗa, ta kuma san ba za ta iya hawa motar nan yau ba, ko gobe. Ta yi niyyar Azahar raka'a huɗu.

Razali ya zauna tahiya a ta biyu, ya yi sallama dama da hagu, ya miƙe zai yi iƙamar La'asar kamar yadda ya saba. Sai ya ji motsin tufa a bayansa da ƙarar gwiwa. Ya waiga. Matarsa tana tsaye, hannuwa a ƙirji, tana karanta Fatiha. Ya tsaya yana kallonta, ya zaci mantuwa ce, har ya ce subhanallah a hankali don ya tuna mata. Ba ta zauna ba. Ta yi ruku'u, ta yi sujada, ta dafa ƙasa ta sake miƙewa da ƙyar, ta kawo ta huɗu. Ta yi tahiya ba gaggawa, ta sallame, ta shafa addu'a, ta fara naɗe dardumarta.

"La'asar fa?" ya ce.

"Lokacinta bai yi ba, Abang."

"Mu matafiya ne."

"Kai ne matafiyi. Ni na yi niyyar zama."

Ya yi 'yar dariya, ya duba ko ita ma za ta yi. Da ya ga ba ta yi ba sai ya sha mur, ya gyara hularsa. "Zama a ina? A nan? Wa kika sani a nan, mai keropok? Kuma ma niyyar mace a tafiya ta mijinta take bi. Je ki tambayi kowane ustaz."

"To ka kai ni ƙara wurinsa. Masallaci ga shi can."

"Biah, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Kak Som tana da ɗaki a bayan gidanta. Ta ce in share in zauna." Ta rungume dardumarta, ta ci gaba. "Na gaji, Abang. Ba fushi nake ba, ba kuma wani abu ka yi mini ba. Na gaji ne kawai. Ina so in ajiye tukunya a wuri, in dawo gobe in same ta a wurin. Ina so in tashi da safe in san inda alƙibla take ba sai ka ciro waya ba."

"Ai da kin faɗa. Sai mu huta a Besut, kwana biyu, uku."

"Uku. Ba huɗu ba."

Ya kawar da kai.

"A ƙofar gidanmu ka yi kasaru," ta ce. "Ina bayanka. Na bi ka, ban ce komai ba, don na ga abin da ke fuskarka. Na ce bari in bar shi ya huce. Ga shi har damina ta zo."

"Gidan Azrul ne. Ni na ba shi, da bakina."

"Na sani. To mu namu fa?"

"Mu hutu muke yi."

"Hutu daga me?"

Razali ya juya ya dubi motar, ya dubi teku, ya rasa wanda zai kama. Sai ya zauna a kan dardumar tasa, zaman tsoho, ya dafa gwiwoyinsa. Da ya yi magana muryarsa ta sauka ƙasa, ba irin wadda yake ba masunta labari da ita ba.

"Duk rayuwata filayen mutane nake aunawa, Biah. In kafa musu dutse in ce daga nan zuwa nan naka ne. Yanzu in je in kama ɗakin tsohuwar da ta mutu a bayan gidan mai soya kifi? In mutum yana kan hanya ba wanda ke tambayarsa me ya sa ba ya gida. Sai dai a ce tubarkalla, Pak Cik, wato Baba, yana shan iska. Ran da na zauna, me zan ce? Me za su ce a kan Azrul?"

Tausayinsa ya kama ta har ta ji kamar ta ce to, tashi mu tafi. Ta san wannan tausayin, shi ya kawo ta nan daga Kajang a sunkuye. Ta riƙe bakinta har ya wuce.

"Ka ce matarka ce ta gaji," ta ce. "Ba ƙarya ka yi ba."

Ta shiga motar, ta ɗaga katifa, ta ciro ƙaramar tukunya, ta ɗauki nata maganin da matashinta da kaya kala biyu. Sauran ta bar masa, har da man zafin da take shafa masa a baya. Ta wuce shi yana zaune inda ta bar shi. Hanyar gidan Kak Som ba nisa, amma sai da ta tsaya sau biyu tana sauya hannu, kuma ba ta waiga ba don ta san in ta waiga ta koma.

Kak Som ta ga kayan, ta ga fuskar, ba ta yi tambaya ba. Ta miƙa mata tsintsiya.

Tana cikin sharar barandar ta ji an tayar da inji. Ta san ƙarar motar nan kamar tarin mijinta. Ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ta ji ta ja baya, ta ji ta hau kwalta, ta ji ƙarar na raguwa ta wajen arewa, wajen Besut, har iska ta haɗiye ta. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa zai tafi ba, sai yanzu ta gane ashe duk ƙarfin halin nata a kan wannan ta ɗora shi. Ta zauna a bakin matakala. Bai san inda ta ajiye maganin hawan jininsa na wata mai zuwa ba. Ba ya gani sosai in magariba ta yi, shi ya sa ita ke karanta masa allunan hanya. Ga ɗakin da ta roƙa a bayanta, a share, da faɗinsa, ta kasa shiga.

Aka kira La'asar. Ta yi ta a barandar, rabin hankalinta na kan titi. Aka fara yayyafi, ya ɗauke.

Rana ta kusa faɗuwa sai ga farar motar ta shigo ta gefen gidan Kak Som a hankali, tana tangal-tangal a kan rairayi, Pak Wahab, mijin Kak Som, na tafe a gabanta da baya da baya yana yi mata alama da hannu. Ya kai ta wani ɗan tudu kusa da ɗakin ya ce a nan. Razali ya sauko. Bai dubi baranda ba. Ya buɗe ƙofar baya, sai ga bulo na siminti jere a kan gadon nasu, a kan zanen da ta wanke shekaranjiya.

"In dai a nan za ta yi damina, ɗaga ta za ka yi, Pak Cik," in ji Pak Wahab. "Ruwa yakan kwanta a filin nan sati guda, ga gishiri. Wani malamin makaranta ya bar tasa a ƙasa, da rani ya zo sai da aka jawo ta da igiya. Ka cire kan batir ma. Kawo in kama maka."

"Bar shi, na gode. Zan iya."

"Jak ɗin nan naka ƙarami ne."

"Na ce zan iya."

Pak Wahab ya ɗaga kafaɗa ya koma wajen tsuntsayensa. Razali ya shimfiɗa kwali, ya sa katako a ƙarƙashin jak don kada ya nutse, ya durƙusa ya fara murzawa. Yakan yi 'yan juyi ya tsaya ya numfasa. A hankali gefen motar ya ɗaga, tayar gaba ta rabu da ƙasa. Ya kwanta rigingine ya tura kansa da kafaɗunsa ƙarƙashi yana neman inda zai sa bulo, sai ya daɗe a can bai fito ba.

Salbiah ta sauko daga matakalar. Ƙafafunsa kawai take gani, da tsofaffin silifas, da cikinsa yana hawa yana sauka ba daidai ba. Kuka yake yi, ya zaɓi wurin da ba mai ganin fuskarsa. Ta samu abin da take so, ga shi a gabanta, amma ba ta ji daɗin ko ƙwayar zarra ba. Motar nan ita kaɗai ta rage masa da yake cewa tashi ta tashi, tsaya ta tsaya, ita Salbiah ce kuma ta sa shi ya ɗaure ta da hannunsa. Duk da haka ba ta yi nadama ba, kuma ba za ta ce masa ya sauke ta ba. Ta tsaya kawai ta bar shi ya gama.

Can ya ja hanci, ya yi gyaran murya.

"Biah, kina nan?"

"Ina nan, Abang."

"Turo mini bulon."

Ta rungumo ɗaya daga kan gadon, ya fi yadda ta zata nauyi. Ta durƙusa a kan gwiwar mai ciwo ta tura masa shi cikin rairayi, hannunsa ya fito ya laluba ya ja. Ta ji yana daidaita shi, yana bugawa da tafin hannu. Ya fito da ƙyar, fuskarsa duk ƙasa da baƙin mai, ya sassauta jak ɗin har motar ta zauna a kan bulon. Ya girgiza ta ya ga ba ta motsi. Har yanzu bai dube ta ba.

"Saura uku," ya ce.

Ta dafa jikin motar ta miƙe, ta je ɗauko wani.